Amfilifaya da Saitin Furosesa: Wace Hanya Ta Fi Dacewa da Lasifikar Taro?

Duk wanda ya sayi lasifika irin wadda ba ta da amfilifaya a cikinta, wato wadda 'yan sana'a ke kira fasif, rabin kaya ya saya. Sauran rabin shi ne amfilifayar da za ta tura ta, da kuma na'urar sarrafa sauti, wato furosesa, wadda za ta yanke abin da ya kamata ya isa ga lasifikar da abin da bai kamata ya isa ba. Tambayar da aka saba fara yi a shago ita ce wat nawa amfilifayar take bayarwa, kuma tambaya ce mai muhimmanci, amma a ganina ba ita ke raba mai kayan da ke shekaru suna aiki da wanda kullum yana hanyar mai naɗa kwayil, wato naɗin wayar da ke cikin lasifika, ba. Abin da ke raba su shi ne inda saitin kariyar lasifikar yake zaune, da kuma ko saitin ya san ainihin amfilifayar da yake aiki da ita. A kan wannan ne hanyoyi uku suka bambanta: a sayi amfilifayar kamfanin da ya ƙera lasifikar, ko a sayi ta wani kamfani mai furosesa a cikinta, ko a haɗa amfilifaya zalla da furosesa ta daban.

Kafin a shiga kwatanta su, dole a warware maganar wat, domin ta shafi hanyoyin uku duka. A takardar bayanin lasifika ta kirki ana samun lambobi uku. Ta farko ita ce ƙarfin da lasifikar ke iya ɗauka ba tare da tsayawa ba, wanda ake rubutawa da RMS ko AES, kuma a gwajin AES na 1984 ana tura mata wata irin shuwa ta gwaji na tsawon awa biyu a ga ko za ta jure. Ta biyu ninki biyu ce ta farko, ta uku kuma ninki huɗu, ita ce ta ƙiftawar ido. Akwatin bes na JBL SRX728S, mai lasifika biyu masu inci 18, misali ne mai kyau: wat 1,600, da 3,200, da 6,400, a kan om 4 (om shi ne ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa wutar da aka tura mata). Masu talla sun fi son lamba ta uku saboda girmanta, amma lamba ta farko kaɗai ake gina lissafi a kanta. Abin da aka saba bi shi ne amfilifayar ta iya bayar da tsakanin ninki ɗaya da rabi zuwa ninki biyu na wannan lamba, a kan om ɗin da lasifikar take. Dalili kuwa shi ne kiɗa da magana ba sa tafiya a ƙarfi ɗaya: bugun ganga yana tashi sama na ɗan lokaci ya sauko, kuma ana so amfilifayar ta sami sararin fitar da wannan bugun ba tare da ta datse kansa ba.

Akwai maganar da ake yawan yi cewa ƙaramar amfilifaya ce ke ƙona lasifika. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, amma ba ƙarantar ce ke ƙonawa ba, matsa mata ne. Idan aka tura amfilifaya ta wuce iyakarta har jar fitilarta ta tsaya cak, igiyar sautin tana datsewa ta koma kusan mai kusurwa huɗu, kuma irin wannan igiya tana ɗauke da ƙarfi har ninki biyu na lafiyayya mai tsawo ɗaya da ita. Wurin da kwayil yake samun hutu tsakanin bugu da bugu ya tafi, zafi yana taruwa, tuwita kuma, wato ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti, ita ce ke fara tafiya. Babbar amfilifaya ma tana ƙonawa, cikin sauri ma, idan babu abin da ya taka mata birki.

Ya kamata mai saye ya san cewa ƙarin wat ba ya kawo ƙarin ƙara yadda lambobin suke nunawa. Da desibel ake auna ƙarar sauti. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, kuma sai an ninka shi sau goma kafin a sami desibel 10, wanda shi ne kunne ke ji kamar sautin ya ninka. Crown XTi 4002 tana bayar da wat 1,200 a kowane ɗaya daga ɓangarorinta biyu a kan om 4, yayarta XTi 6002 kuma 2,100. A takarda tazarar tana da yawa, a kunne kuwa ba ta kai desibel 3 ba. Lasifikar da aka rubuta mata desibel 100 a wat ɗaya, a nisan mita ɗaya, za ta yi da wat 500 abin da mai desibel 97 sai da wat 1,000 za ta yi. Saboda haka wanda filin taronsa ya fi ƙarfin kayansa, ƙarin akwatuna yake bukata, ba ƙarin amfilifaya a kan akwatunan da yake da su ba.

Maganar om gajeriya ce. Lasifika biyu masu om 8 idan aka jona su tare a ɓangare ɗaya na amfilifaya sun zama om 4, huɗu kuma sun zama om 2. Amfilifayoyi da yawa an rubuta musu cewa suna iya ɗaukar om 2, amma a nan ne suke fi yin zafi, a nan ne kuma waya take cin rabonta. Wayar tagulla mai kauri milimita 2.5 murabba'i, idan tsawonta ya kai mita 20, zuwa da dawowa tana da kusan om 0.28, wanda a kan om 2 yake cinye fiye da kashi goma cikin ɗari na ƙarfin da aka tura. A wurin da rana ke kaiwa digiri 40 ana cikin aiki, tsayawa a om 4 ya fi zama alheri.

Shi kuma saitin da kamfani ke shirya wa lasifikarsa, ba gyaran daɗin sauti ba ne kawai kamar yadda wasu suke ɗauka. A cikinsa akwai inda aka datse ƙasan bes, domin akwati mai hujin iska idan aka tura masa sautin da ya yi ƙasa da inda aka daidaita hujin, fatar lasifikar tana lilo ba tare da iska ta riƙe ta ba har ta yage. Akwai inda aka raba aiki tsakanin bes da akwatin sama, galibi tsakanin 80 zuwa 100 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti), da irin gangarar da aka yi amfani da ita, wadda aka fi sani ita ce Linkwitz-Riley mai desibel 24. Akwai jinkiri na 'yan milisakan don sautin akwatuna biyu ya iso tare, akwai gyaran wuraren da akwatin ke da ƙari ko rashi, sannan akwai limita, wato birkin da ke hana sauti wuce iyakar da aka sa, wadda a ingantattun na'urori iri biyu ce: mai saurin kamu da ke hana fata wuce iyakar motsinta, da mai jinkirin kamu da ke lura da zafin kwayil. Injiniyoyin kamfani sun auna waɗannan abubuwa da kayan awo, sun kuma lalata lasifiku a gwaji kafin su tsayar da lambobin, abin da mai haya ba shi da halin yi.

Hanya ta farko ita ce ta manyan kamfanoni. Kamfanin d&b audiotechnik na Jamus ya tsara lasifikunsa don a tura su da amfilifayoyinsa kaɗai, irin su D20 da D80, kuma saitin kowane akwati yana cikin amfilifayar, sai dai a zaɓi sunansa. L-Acoustics na Faransa, wanda Christian Heil ya kafa a 1984, haka yake yi da LA4X da LA12X, Nexo kuma da NXAMP, JBL ma ya ɗaura jerin VTX da Crown I-Tech HD. A nan babu lissafi da ya rage wa mai kaya. Limitar ta san bolt nawa ke fita, ta san akwatin da ke gabanta, kuma injiniyan da ya taso daga wata ƙasa zai tarar da sautin da ya saba ji. Wannan shi ne dalilin da ya sa masu shirya manyan wasanni suke rubuta sunan irin waɗannan kaya a cikin sharuɗɗansu. Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne, kuma ƙofar a rufe take: mafi yawan abin da ke cikin saitin a kulle yake, amfilifayar ba ta da wani amfani sosai ga akwatunan wani kamfani, kuma ranar da ta tsaya ba za a ari ta maƙwabci a ci gaba da aiki ba. Kuskuren da ya fi tsada a nan shi ne mutum ya ga irin waɗannan akwatuna na hannu da araha ya saya, da niyyar tura su da amfilifayar da yake da ita. Zai ji sauti, amma ba wanda aka san akwatin da shi ba, kuma babu kariya. Wanda zai sayi irin wannan akwati ya haɗa kuɗin amfilifayarsa a cikin farashin tun farko, in ya so ya ga ko har yanzu araha ce.

Hanya ta biyu ita ce amfilifaya mai furosesa a cikinta wadda ba a ɗaure ta da lasifika ɗaya ba. A sama akwai Powersoft na Italiya da manhajarsa ArmoníaPlus, da Lab.gruppen na Suwidin mai jerin PLM da ke ɗauke da furosesar Lake, kuma dukansu suna da rumbun saitoci na lasifikun kamfanoni daban-daban. A matakin da yawancin masu haya ke iya kaiwa akwai Crown XTi, da QSC PLD, da Yamaha PX wadda take zuwa da saitin lasifikun Yamaha. Babbar fa'idar wannan hanya ita ce limita da amfilifaya suna cikin gida ɗaya. Babu wata waya ko wani maɓallin murɗawa tsakaninsu da zai ɓata lissafi, a wasunsu ma bolt ko wat ake rubutawa kai tsaye. Idan aka kulle fuskar na'urar, yaron da aka tura aikin biki zai iya matsa mikisa yadda ya ga dama, iyakar da aka sa ba za ta motsa ba. Kaya ma suna raguwa a cikin rak, wato akwatin da ake jera na'urorin, wayoyin da za su iya lalacewa suna raguwa. Raunin hanyar shi ne idan amfilifayar ta mutu, saitin ya tafi tare da ita, sai dai in an ajiye kwafinsa a kwamfuta, kuma ƙananan irinta ba su da yawan matatun gyaran sauti kamar furosesa ta daban. Kafin a biya kuɗi ya kamata a tabbatar cewa saitin ainihin akwatin da ake da shi yana cikin rumbun, da lambarsa cif, ba na ɗan uwansa mai kama da shi ba.

Hanya ta uku ita ce wadda aka fi gani a wurin masu hayar kayan sauti na biki, wa'azi da gangami: mikisa ta shiga furosesa irin dbx DriveRack PA2 mai shiga biyu da fita shida, ko Behringer DCX2496 mai shiga uku da fita shida, daga nan a rarraba zuwa amfilifayoyi zalla. Tana da sauƙin kuɗi, tana karɓar duk amfilifayar da mutum ya riga ya mallaka, kuma idan ɗaya ta tsaya ana iya sauya ta. Amma a nan ne limita take makancewa, domin furosesar ba ta ganin abin da ke fita daga amfilifaya, abin da take turawa kawai ta sani. Mai kaya ne zai haɗa mata lissafin, kuma lissafin ba shi da wuya.

A ɗauki lasifika mai wat 500 a kan om 8. A ninka 500 da 8, a sami 4,000, a nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 4,000, wato kusan 63. Bolt 63 ke nan iyakar abin da lasifikar za ta jure na tsawon lokaci. Sai a duba takardar amfilifaya a ga sau nawa take ninka abin da ya shigo mata. Idan an rubuta desibel 32, ninki 40 ke nan, don haka a raba 63 da 40, a sami kusan bolt 1.6, wanda a ma'aunin furosesa yake daidai da kusan +6 dBu. A nan za a tsayar da limita, kuma ga aikin da zai ɗauki awanni a cikin zafi, ni dai na fi son a sauko da desibel biyu ko uku ƙasa da haka, domin kwayil idan ya yi zafi ƙarar da yake bayarwa tana raguwa, mai mikisa kuma sai ya ƙara turawa. Yanzu a ce wannan amfilifaya ta tsaya aka kawo wata babba mai ninkin desibel 38, wato ninki 80, aka bar limitar yadda take. Bolt 1.6 ɗin nan ya zama kusan 126, ƙarfin da ke isa lasifikar ya zama ninki huɗu, wat 2,000 a kan akwatin wat 500, alhali fuskar furosesa tana nuna komai lafiya. Wasu amfilifayoyin ma ba ninki suke rubutawa ba, sai su ce bolt 1.4 ko 0.775 ne ke kai su ƙarshen ƙarfinsu, wanda ke nufin babba da ƙarama daga kamfani ɗaya ninkinsu ya bambanta. Shi ya sa a wannan hanya maɓallan gaban amfilifaya suke cikin lissafi: a yi shi suna buɗe har ƙarshe, don kada wani ya zo ya ƙara abin da ba a lissafa da shi ba.

Akwai wani tarko kuma da masu kwafar lambobi suke faɗawa. Idan kamfani ya fitar da saitinsa don wata furosesa, ɗaukar lambobin a rubuta su a cikin wata daban ba lallai ya ba da sakamako ɗaya ba, domin kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kan yadda ake auna faɗin matatar gyara ba. Wurin raba sauti da jinkiri sukan ƙaura lafiya, gyaran sauti yakan ɗan karkace, limita kuwa dole a sake lissafa ta daga tushe. Saitin da aka gina da wasu matatu na musamman da ake kira FIR ba ya kwafuwa da hannu sam. Jinkirin da ke cikin saiti ma an yi shi ne a kan cewa akwatin sama yana bisa na bes. Sauti yana cin mita ɗaya a kusan milisakan uku, don haka idan aka matsar da bes gaba ko baya dole a gyara, kuma a 100 Hz tazarar mita 1.7 ta isa ta sa akwatunan biyu su riƙa kashe juna.

Duk wannan magana ta saitin kamfani tana aiki ne idan akwatin na kamfanin ne da gaske, kuma abin da ke cikinsa shi ne wanda aka fito da shi. Akwatin da kafinta ya ƙera aka sa masa lasifika daga kasuwa, ko wanda yake ɗauke da tambarin babban kamfani alhali cikinsa wani abu ne daban, ko wanda aka sake naɗa masa kwayil, babu saitin da ya san shi. Ɗora masa saitin asali na iya zama mafi haɗari a kan barinsa haka, domin saitin yana iya ƙara bes a wurin da akwatin asali ke jurewa, wannan kuwa ba ya jurewa. Ga irin waɗannan kaya hanya ta farko ba ta taso ba, rumbun saitoci na hanya ta biyu ma ba shi da amfani, abin da ya rage shi ne a gina saiti mai sauƙi da hannu: a datse ƙasan bes a wajen 40 Hz, a raba a wajen 100, a lissafa limita da lambar da ta yi ƙasa da abin da aka rubuta a jikin maganaɗisun.

Wutar da za a jona ita ma tana da ta cewa a zaɓin. Tsofaffin amfilifayoyi masu babbar taransifoma, irin QSC RMX 2450 mai nauyin kusan kilo 20, ƙarfinsu yana bin wutar da ta shigo, har idan ta sauko daga bolt 230 zuwa 200 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin yake tafiya, jar fitila kuma ta fara kamawa tun kafin limitar furosesa ta ce uffan. Sababbi marasa nauyi, musamman waɗanda aka ƙera su karɓi wuta daga bolt 100 zuwa 240, sun fi riƙe ƙarfinsu a kan inji, kuma suna jan wuta kaɗan. A ɗaya gefen, tsohuwar idan ta ƙone mai gyara na gari yakan iya tayar da ita da 'yan taransisto, sabuwar kuwa sau da yawa sai an nemo allonta gaba ɗaya. Wanda yake aiki nesa da inda ake samun kayan gyara bai yi wauta ba idan ya zauna a kan tsohuwar.

Idan aka auna duka, wanda yake neman aikin manyan wasanni inda ake tambayar sunan kaya kafin a ba da kwangila, hanya ta farko ce tasa, kuma ya saye ta cikakkiya ko ya bar ta. Wanda yake da akwatunan kamfani na asali na matsakaicin farashi, yana kuma tura yara aiki ba ya wurin, da masallaci ko zauren taro inda za a saita sau ɗaya a kulle, hanya ta biyu na fi ba su shawara, ko da za ta sa su sayi amfilifaya mai ƙarancin wat a kan wadda suka so, domin desibel biyu da za su rasa ba su kai darajar limitar da ba ta kuskure ba. Hanya ta uku ta dace da mai amfilifayoyi iri-iri da akwatuna gauraye, da sharaɗin ya rubuta ninkin kowace amfilifaya a jikin rak, ya kulle furosesa, ya sake lissafi duk ranar da ya sauya wata.

Abu ɗaya ya shafi hanyoyin uku, kuma yakan faru ne a ranar farko. Akwatuna da yawa suna da makunni a baya da ke zaɓar ko mai raba sauti na cikin akwatin ne zai yi aiki, ko kuwa za a tura babbar lasifika da tuwita kowacce da ɓangaren amfilifayarta. Saitin da aka zaɓa dole ya dace da inda makunnin yake. A fulogin Speakon mai ƙafa huɗu, kamfanoni da yawa suna ba babbar lasifika ƙafafun 1, tuwita kuma ƙafafun 2, amma ba kowa ke bin wannan tsari ba, kuma idan aka juya su bes ne zai faɗa kan tuwita. Don haka a kunna da sauti ƙasa-ƙasa, a buɗe fita ɗaya bayan ɗaya, a sa kunne a jikin akwatin a tabbatar kowane sauti daga inda ya kamata yake fitowa, sannan a ɗaga.